RA'AYINMU: Tun Ran Gini Tun Ran Zane

A kowace shekara jami'o'in Jihar Kebbi suna yaye ɗimbin samari da 'yan mata, kuma cikinsu akwai 'ya'yan manoma da masunta da makiyaya daga ƙasar Bagudo, tun daga Sharabi da Ka'oje har zuwa Illo da Lolo da Tsamiya a bakin iyakar Jamhuriyar Benin. Kowannenmu zai fita da buri uku: aiki, aure, da gida. Maganar aiki kullum ana yin ta a ɗakunan kwana, ta aure kuwa ba sai an tuna wa kowa ba. Amma ta gida ba mai tayar da ita sai ranar da mai gidan haya ya yi sallama yana neman kuɗin shekara. Don haka muka ga ya dace mu tayar da ita tun muna ɗalibai.

A Sharabi, kamar sauran ƙauyukanmu, saurayin da zai yi aure ba ya rasa makwanci. A yanka masa wuri a gidan gado, 'yan'uwa su yi gayya, a kwaɓa ƙasa, a ɗora bango, kafin damina ya tare. To, amma wanda ya sami aiki a Birnin Kebbi ba zai iya kwana a Sharabi ya kama aiki da ƙarfe takwas ba, domin tafiyar ta sa'o'i ce. Tilas ya nemi muhalli a birnin ko kusa da shi. Tun da aka ƙirƙiro jihar a 1991 Birnin Kebbi ta zama hedkwata, ma'aikata suka yi ta kwarara cikinta, garin ya miƙe har ya haɗe da Gwadangaji, fili kuma ya fi ƙarfin ƙaramin ma'aikaci. Abin da ya rage masa shi ne ya dubi garuruwan kewaye, irin su Kalgo da Ambursa, ko ma Jega.

Nan ne lissafi yake ruɗar mutane da yawa. Sai mutum ya ga fili mai araha a bayan gari ya yi murna, ya manta da kuɗin mota. Tun ranar 29 ga Mayu 2023 da aka janye tallafin man fetur, litar da ba ta kai naira 200 ba ta yi ta hawa har ta haye naira 1,000 a ƙarshen 2024. A shekarar 2024 ɗin ce gwamnatin jiha ta sanya mafi ƙarancin albashi a kan naira 75,000. A ɗauka ma'aikaci yana biyan naira 1,000 zuwa, 1,000 dawowa, kwana 22 a wata. Naira 44,000 ke nan, watau fiye da rabin wannan albashi ya tafi a bisa titi, ba a yi cefane ba, ba a sayi ko bulo ɗaya ba. Ashe arahar gida ƙafa uku gare ta kamar murhu: fili, da hanya, da kayan gini. In ɗaya ta karye, tukunya ta kife.

Gwamnatoci sun sha gwada warware wannan matsala ta hanyar gina gidaje da kansu. Gwamnatin Alhaji Shehu Shagari, daga 1979 zuwa 1983, ta ƙudurta gina gidaje 2,000 a kowace jiha kowace shekara. Niyya ce kyakkyawa, har yanzu kuma akwai masu zaune a cikin waɗanda aka gama. Sai dai ko rabin abin da aka tsara ba a kai ba, kuma a wurare da dama an kafa gidajen ne can nesa da gari, inda ba ruwa, ba wuta, ba motar haya, suka daɗe ba kowa ciki sai ƙadangaru. A 1992 aka kafa Asusun Gidaje na Ƙasa, inda ake yankar kashi 2.5 cikin ɗari na albashin ma'aikaci domin a ba shi rance mai sauƙi ta hannun Bankin Ba da Lamunin Gidaje na Tarayya. Amma bankin yana neman takardar mallakar fili, ƙaramin ma'aikaci kuwa abin da ke aljihunsa bai wuce takardar ciniki mai sa hannun mai unguwa da shaidu biyu ba. Ana yanka masa kuɗi kowane wata, rancen kuma yana kallonsa daga nesa.

Alhali kuwa mabuɗin wannan ƙofa yana hannun hukuma. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen birane a hannun gwamna, ta kuma bai wa ƙananan hukumomi ikon ba da izinin mallaka a karkara. Saboda haka muna kira ga gwamnatin jiha da ƙananan hukumomin Birnin Kebbi da Kalgo da Jega su yanka ƙananan filaye a kan tudu, kusa da manyan hanyoyi, su fitar da tituna da magudanan ruwa, su haƙa rijiyoyin burtsatse, su sayar wa ƙananan ma'aikata da 'yan kasuwa a biya sannu a hankali, kowane fili da takardarsa. A kuma sa motocin safa masu tashi a kan lokaci, safe da yamma, a farashin da talaka zai iya. Ginin kuwa a bar wa mai shi. Bahaushe bai taɓa jiran gwamnati ta gina masa ɗaki ba. Ɗaki ɗaya yake farawa da shi, ya ja katanga, in iyali sun ƙaru ya ƙara wani.

Saura ƙafa ta uku, kuma a nan laifin namu ne, mu 'yan boko. Mun ɗauka cewa gidan da ba na siminti ba gidan wanda bai yi karatu ba ne. Ga shi kuwa buhun simintin da bai kai naira 3,000 ba a farkon 2020 ya haura naira 10,000 a watan Fabrairu na 2024, ko da yake masana'antar Kalambaina tana nan kusa da mu a Sakkwato. Bayan tsada, kowa ya san yadda ɗakin bulo mai rufin kwano yake zama tanda a watan Afrilu, sa'ad da wutar lantarki ta ɗauke. Kakanninmu da tubali da azara da makuba suka yi gine-ginen da suka ga jikoki. Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Mika'ilu ya gina a ƙarni na 19, da ƙasa aka yi shi. Masallacin Yama a Nijar, aikin magini Falke Barmu, ya ci kyautar Aga Khan ta fasahar gini a 1986. A 2016 aka kammala wasu gidaje masu bene a Yamai da bulon ƙasa da aka matse da inji, a 2022 kuma Francis Kéré, ɗan Burkina Faso wanda ya fara suna da makarantar ƙasa da ya gina a ƙauyensu Gando, ya karɓi kyautar Pritzker, wadda ake ɗauka babu kamarta a fannin zanen gini. Duniya tana yaba abin da muke jin kunyarsa.

Mun san abin da za a ce mana: ambaliyar 2020 ta rushe gidajen ƙasa masu yawa a Kebbi, har da ƙasar Bagudo. Gaskiya ne, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Amma abin da ke kayar da ginin ƙasa sananne ne: a gina shi cikin kwari, ruwa ya kwanta a gindinsa, ko rufi ya bar ruwan sama yana dukan bango. Maganinsa ma sananne ne. A nisanci fadama kome arahar filinta, a yi harsashi da dutse da siminti har ya ɗago sama da ƙasa, a zuba ɗan siminti kaɗan cikin ƙasar a matse ta da inji, a kuma bar bakin rufi ya leƙo sosai. Ta haka buhunan da za a saya za su ragu ƙwarai, kuɗin leburanci kuma su tsaya a hannun maginanmu.

A nan ne jami'a take da abin yi. Jami'ar Tarayya tana nan a kan hanyar Kalgo, ta jiha tana Aliero, ga kuma Kwalejin Fasaha ta Waziri Umaru a cikin birni. Me zai hana ɗaliban injiniya da na zanen gini su auna ƙasar Kalgo da ta Ambursa, su gane wadda ta dace da bulo, su gina gida ɗaya na gwaji mai ɗaki biyu da zaure, su rubuta abin da aka kashe har kwabo, su liƙa a ƙofarsa kowa ya gani? Wannan ya fi kundin bincike ɗari da ƙura za ta cinye a kan kanta. Muna roƙon Ƙungiyar Ɗalibai ta kai wannan magana gaban hukumar jami'a a wannan zango.

Ku kuma 'yan'uwa da ke shirin fita, shawararmu gajeriya ce. Kafin ku biya kuɗin fili, ku je ku gan shi a tsakiyar damina. Ku shiga motar haya daga wurin zuwa gari da sassafe, ku ƙidaya kuɗin da lokacin. Ku tambayi takarda, ku tabbatar da ita a ofishin filaye. Ku haɗa kai ku yi adashi, ku yi wa juna gayya kamar yadda iyayenmu suke yi a Sharabi. Wanda ya tsaya sai ya tara kuɗin katafaren gida, furfura za ta riske shi a gidan haya.

Allah ya ba kowannenmu inuwar da zai kira tasa, ya kuma sa shugabanninmu su ji, amin.