Akwatin Baba da na kusa sayar wa mai gwangwan

A makon jiya na yi alƙawarin za mu ci gaba da maganar zazzaɓin yara a lokacin damina. Ku yi mini afuwa, na ɗage ta zuwa mako mai zuwa, domin wani abu ya faru a gidanmu da ya tsaya mini a rai.

Ranar Asabar na je gida duba Baba. Masu bibiyar wannan fili sun san shekara biyu ke nan da ya samu shanyewar ɓarin jiki. Hannun dama ba ya ɗaguwa, magana kuma sai da ƙyar, kalma ɗaya ko biyu. Na tarar Mama ta sa an fito da tarkacen sito saboda ɓeraye sun dame ta, ga mai gwangwan a ƙofar gida da baro da sikeli. Muka tara masa tsohon risho da kan fanka da bokitin da ya ɓule. A cikin kayan akwai wani ƙaramin akwatin ƙarfe mai tsatsa. Na buɗe na ga guntayen ƙarafa ne, na rufe na ɗora a sikeli. Yaron ya ce, "Anti, wannan haɗe-haɗe ne, sai dai kuɗin kilo."

Sai muka ji ƙara daga zaure. Baba ne ke buga sandarsa a ƙasa da hannun hagu, fuskarsa a murtuke. Na ruga, na ɗauka jikin ne ya motsa. Ya yi ta nuna akwatin da sanda har sai da na sauke shi na ajiye masa a cinya. Ya ɗora hannu a kan murfin, bai ɗauke ba har mai gwangwan ya tura baronsa ya tafi.

Abin da ke ciki bai taka kara ya karya ba: wani kare na ƙarfe da bai wuce tafin hannu ba, kunnensa ɗaya a gutsure, tamburan Land Rover guda biyu masu siffar ƙwai, zakin Fijo, rubutun TOYOTA na gaban mota, sai murfin lagireto na tagulla. Baba ya fara da yaron mota, ya zama direban Land Rover yana kai ma'aikatan rigakafi ƙauyuka, daga baya ya koma tirela. Duk motar da ta mutu a hannunsa, ashe sai ya ciro wani abu daga gabanta ya adana. Shekara talatin da ɗoriya ina 'yarsa, ban taɓa buɗe akwatin nan ba.

A daren Lahadi ina aikin kwana, marasa lafiya sun yi barci, na ɗauki waya na shiga bincike. Nan na gane abin da Baba ya yi shi kaɗai, a Amurka da Ingila sha'awa ce mai zaman kanta. Akwai mutanen da ke tara adon bonet da tamburan tsofaffin motoci, wasu ma na motocin shiga daji kawai suke nema. Suna da kasuwanninsu: ɗaya a garin Hershey na Amurka duk watan Oktoba, ɗaya a Beaulieu ta Ingila. Dattijo zai yi tafiyar kwana don neman ƙarfen da bai kai cokali tsawo ba. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Daga ma'aunin zafi aka fara

Abin da ya fara burge ni a matsayina na nas shi ne asalin wannan ado. A motocin farko, murfin lagireto a waje yake, a can ƙarshen bonet. A 1912 aka fito da wata na'ura mai suna Boyce MotoMeter, ma'aunin zafi ne da ake ɗaurawa a kan murfin, direba yana zaune yana hango ko inji ya yi zafi. Kamar dai yadda muke sa wa yaro ma'auni a hammata. Tun da wurin ya zama inda ido ke sauka, sai kamfanoni da masu motoci suka shiga ƙawata shi da fukafukai da tsuntsaye da dabbobi. Rolls-Royce ta sa tata siffar a 1911, aikin wani mai sassaƙa, Charles Sykes. Daga baya murfin lagireto ya koma ƙarƙashin bonet, amma adon ya yi zamansa a sama.

Karen Baba na motar Mack ne, kuma na tabbata kun sha ganinsa a goshin tirela ko tankar mai. Sojojin Ingila ne suka laƙaba wa motocin Mack sunan wannan kare a yaƙin duniya na ɗaya, saboda naci da juriyarsu. A 1932 babban injiniyan kamfanin, Alfred Masury, yana kwance a asibiti bayan an yi masa tiyata, zaman ya ishe shi, ya sassaƙa siffar karen da hannunsa. Ita ce aka yi wa rajista a shekarar. Launinsa ma magana ce: mai ruwan zinari na nufin inji da giya da akasil duk na Mack ne, fari mai ƙyalli kuma na nufin an haɗa da kayan wani kamfani. Na Baba fari ne.

Motocin daji ba su cika ado ba

Ga wani abin da masu tarawa suka sani: ainihin motocin shiga daji na dauri ba a yi musu ado a bonet ba. Motocin aiki ne. Jeep ta samo asali ne daga motar sojan Amurka ta yaƙin duniya na biyu, ta farar hula kuma ta fito a 1945. Land Rover ta fito a 1948, jikinta na alminiyon saboda ƙarancin ƙarfe a Ingila bayan yaƙi, kuma abin da aka saba gani a bonet ɗinta safayar taya ce. Toyota Land Cruiser samfurin FJ40, da aka ƙera daga 1960 zuwa 1984, sunan kamfanin kawai ta ɗauka a gaba. Motar da za ta kutsa ƙaya da rassan itace, ina ita ina ado mai tsini?

Shi ya sa masu sha'awar irin waɗannan motoci tambari suka fi nema. A tamburan Land Rover na farko-farko an rubuta Birmingham, na baya kuma Solihull, garin da masana'antar take. Wannan ɗan bambanci shi ke nuna musu zamanin mota. Na duba na Baba, duka biyun Solihull ne.

Inda aka samu ado na gaske a motar daji, sai da ta fara zama motar alfarma. Kamfanin Dodge ya yi amfani da siffar rago daga 1932 zuwa 1954, ya dawo da kan ragon a 1981 a manyan motocinsa, har da Ramcharger. Jeep Grand Wagoneer ma ta samu ado tsayayye a goshi a tsakiyar shekarun 1980.

Dalilin da ya sa suka ɓace

Nan ne maganar ta shigo ɓangarena. Da ƙanena ya ga akwatin, cewa ya yi, "Yaya, a ba ni karen nan in ɗaura a gaban motata." Na ce masa ko kusa.

Na yi shekaru a sashen taimakon gaggawa. Idan mota ta buge babba, yawanci ƙafafu take fara samu. Yaro kuwa gajere ne, kuma jif doguwa ce: bakin bonet ɗinta daidai ƙirjin yaro ko kansa yake. Ki ɗora ƙarfe mai tsini a wurin, an ɗaure shi tamau da noti. Bugun da zai tsaya a ƙujewa da kumburi sai ya zama yanka ko huda. Mun ɗinke raunukan da guntun ƙarfen da mai mota ya ƙara da kansa ya jawo, ba gudu ba.

Masu ƙera motoci sun daɗe da gane haka. Fijo ta cire zakin da ke tsaye a bonet ɗin samfurin 403 kafin ƙarshen shekarun 1950 saboda tsaron masu tafiya a ƙasa. Shi ya sa Fijo ɗin da aka fara haɗawa a Kaduna a 1975, zakinta shafaffe ne a jikin tambari, irin na akwatin Baba. A 1974 ƙasashen kasuwar Turai suka kafa doka: duk adon da ya ɗago fiye da santimita ɗaya daga jikin mota, dole ya lanƙwashe ko ya cire ko ya shige ciki idan aka danna shi da ƙarfin da ya kai kimanin kilo 10. Tauraron Marsandi a kan sifirin yake, in kin tura shi sai ya kwanta. Na Rolls-Royce na zamani kuwa nutsewa yake yi cikin mota. Tsohon adon da aka ɗaure da noti ba ya yin ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Don haka, idan maigida ko ɗanki matashi ya zo da irin wannan zai liƙa a mota, ki yi magana. Unguwanninmu cike suke da yara masu tsallaka titi a guje.

Idan kin samu irinsa a gidanki

Kada ki yi saurin miƙa wa mai gwangwan. Shi nauyi yake saye, kuma ba laifinsa ba ne. Ki fara tambayar mai abin, ko wanda ya san shi.

Kada ki goge shi da toka ko yashi ko soson ƙarfe. Yawancinsu an zuba su ne da gaurayen tutiya, aka rufe da siririn ruwan ƙyalli. Da zarar ya kankare shi ke nan. Ruwan ɗumi da sabulu da tsumma mai laushi sun isa, sai ki shanya shi ya bushe sarai. Masu tarawa sun fi son abu da alamun tsufansa a kan wanda aka sake wa fenti.

Ki juya bayansa. Na asali galibi yana da lamba ko sunan maƙeri a ƙasa, zanensa kuma a fili yake. Kwaikwayo ya yi yawa a kasuwa, har a intanet. Kuma kada a ruɗe ki da labarin arziki: 'yan kaɗan ne ke da tsada ƙwarai, kamar na gilashi da Bafaranshe René Lalique ya yi a shekarun 1920. Galibinsu kuɗinsu kaɗan ne.

Ki nisanta su daga ƙananan yara. Akwai kaifi, akwai ƙananan notuna da yaro zai haɗiye, tsohon fenti kuma kan ƙunshi gubar dalma. Wanda ya taɓa ya wanke hannu kafin ya ci abinci. Idan tsohon ƙarfe ya yanki yaro, ki wanke ciwon da ruwa mai tsafta da sabulu, ki je asibiti da katin rigakafinsa a duba maganar allurar tetanus.

Idan ɗanki ya shigo da tambarin mota sabo fil, ki tambaye shi inda ya samo. Ɓalle tambarin motar mutane sata ce, komai ƙanƙantarsa.

Na san wasunku za su yi tambaya kan ajiye siffar dabba a ɗaki. Wannan fagen malamai ne. A gidanmu dai Mama ta ce karen ya ci gaba da zama cikin akwatinsa, kuma haka aka yi.

Abin da na kusa zubarwa

Ranar Laraba na koma da babban ɗana mai shekara 9. Na wanke ƙarafan, na shimfiɗa tsumma a cinyar Baba, na jera su. Yaron ya ɗauki tambarin Land Rover ya ce, "Kaka, wannan na wace mota ce?"

Baba ya karɓa, ya shafa shi da babban yatsa. Ya daɗe yana kokawa da harshensa, sannan ya ce, "Rairayi." Ya nuna taya da hannu, ya yi alamar sace iska. Mama ta fassara mana: in za su shiga yashi sai ya rage iskar taya don kada mota ta kafe, akwatin sanyi na alluran rigakafi kuma a lulluɓe a baya, ana tseren isa ƙauye kafin ƙanƙara ta narke. Sai Baba ya dube ni ya ce, "Uwata... allura." Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, haka yake kirana tun ina ƙarama, amma rabon da in ji shi daga bakinsa tun kafin ciwon. Na tashi na shiga ɗaki don kada ɗana ya ga hawayena.

Ba na ce ƙarfe magani ba ne. Baba na nan kan magungunansa da gashin da ake yi masa. Amma a wurin aiki ni ce ke gaya wa masu jinya su kawo wa mara lafiya abin da ya saba da shi, su ja shi da hira a kai, domin hakan kan taimaka wa mai wahalar magana. Ga shi a gidanmu na ɗora nasa a sikeli. Ni da nake yi wa yara allura yau, ban san mahaifina ya riga ni kai ta inda babu titi ba.

Yanzu mun sayi ɗan littafi. Duk ranar da muka je, ɗana zai ɗauki ƙarfe ɗaya, Baba ya faɗi abin da ya samu, Mama ta cike, yaron ya rubuta. Mun gama biyu, saura huɗu.

'Yar uwa, me ke cikin siton gidanku? Wataƙila ba tambarin mota ba ne, keken ɗinki ne, ko tsohuwar rediyo, ko almakashin tela. Ki ba ni labari a ƙasa, zan karanta. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya kare mana 'ya'yanmu a hanya. Mako mai zuwa, in sha Allahu, sai zazzaɓin damina.