WAƊANDA MUKA RASA A 2023, DA HAKKINSU DA KE WUYANMU

 

Duk ɗalibin da ya taɓa buɗe Albidaya wan Nihaya na Ibnu Kasir, wanda ya rasu a shekara ta 774 bayan Hijira, ya san al'adar malaman tarihi na Musulunci. Idan sun gama kawo abin da ya auku a cikin shekara, sai su ware wuri su ambaci manyan da suka rasu a cikinta, kowa da asalinsa da malamansa da aikinsa. Ibnu Khallikan kuwa littafi sukutum ya yi a kan haka, watau Wafayatul A'ayan. Ba don sha'awar lissafin gawa suka yi ba. Malaman hadisi da sanin shekarar rasuwa suke kama maƙaryaci: mutum ya ce ya ji daga malam wane, a duba a tarar malamin ya rasu tun kafin a haife shi. Mu kuwa a yau, in babba ya faɗi, sai mu cika gidan makoki kwana uku muna cewa an yi babban rashi, bayan wata guda ka tambayi me aka rasa, a rasa mai ba ka amsa.

To, bari mu gwada bin sawun magabata da shekara guda, 2023, wadda ta ratsa 1444 da 1445 na Hijira. Za mu fara da gida.

Ranar Talata 31 ga Janairu, cikin watan Rajab, Allah Ya yi wa Sarkin Dutse Alhaji Nuhu Muhammadu Sanusi rasuwa a Abuja. Ya gaji mahaifinsa Muhammadu Sanusi a 1995, lokacin Jihar Jigawa tana da shekara huɗu kacal da kafuwa, Dutse kuwa sunan babban birni kawai take da shi. Wanda ya san tarihin masarautar ya san a kan siraɗi take: gwamnatin Abubakar Rimi ta ɗaga darajarta a 1981, Sabo Bakin Zuwo ya soke a 1983, sai da aka ƙirƙiro Jigawa a 1991 sa'an nan ta zauna da gindinta. Sarki Nuhu ya yi karatun zamani har Jami'ar Ohio ta Amurka, ya zama uban Jami'ar Jihar Sakkwato, an kuma san shi da son dashen itatuwa. Filin wasan golf da ya kafa a Dutse ba abin da ya dami talakan Miga ba ne, mu ma ba shi za mu tsaya a kai ba.

Abin da za mu tsaya a kai shi ne zakka. Bayan dawo da Shari'a a jihohin Arewa daga 1999 zuwa 2000, an kakkafa hukumomin zakka a wurare da dama, wasunsu ba su wuce ofis da allon suna ba. A masarautar Dutse, wadda ta ƙunshi ƙananan hukumomin Dutse, Birnin Kudu, Gwaram, Buji, Kiyawa, Jahun da Miga, sai aka ɗora aikin a kan tsanin sarauta: hakimi, dagaci, mai unguwa, tare da malamai. A tara hatsi da dabbobi da kuɗi gunduma-gunduma, a raba wa mabukata a bainar jama'a. Hikimar da ke ciki ba ɓoyayya ba ce. Ma'aikacin da aka turo daga birni bai san wanda ya noma dami ɗari ba, amma mai unguwa ya sani, ya kuma san gidan da aka kwana ba a ɗora tukunya ba. Ƙasarmu ƙasar gero da dawa da shinkafa da wake ce, ga riɗi, wanda a mazhabar Malik yana cikin abin da ake fitar wa zakka, ga dabinon Dutse. Nisabi wusuƙi 5 ne, watau sa'i 300. Abin da ruwan sama ya shayar a fitar da ɗaya cikin goma, wanda aka wahala da ban-ruwa a fitar da rabin haka. Shanu daga 30, tumaki da awaki daga 40. Wannan duk yana cikin littattafan da yaranmu ke karantawa a zaure. Abin da ya yi wuya shi ne samun shugaban da zai mai da karatun ya zama buhu a ƙofar bazawara da maraya.

A nan ne tsoronmu yake. Sau nawa muka ga aikin alheri ya bi mai shi kabari? Ɗansa Hameem Nuhu Sanusi ya hau karaga a Fabrairun 2023, amanar tana wuyansa, amma ba wuyansa shi kaɗai ba. Manomin da ke fitar da zakka don kunyar sarki, ba don tsoron Allah ba, ranar da sarkin ya kau shi ma ya kau. Wannan gyara aikin masu wa'azi ne, watau aikinmu.

Ranar Laraba 6 ga Satumba, cikin watan Safar, sai ga labarin rasuwar Shaikh Abubakar Giro Argungu. Ba sai mun gabatar da shi ga masu karanta wannan mujalla ba. Ya ƙare rayuwarsa a kan hanya, daga wannan wa'azi zuwa wancan, a Nijeriya da maƙwabtanta, da harshe mai sauƙi wanda ɗan kasuwa da tsohuwa a ƙauye ke fahimta. Amma mu tambayi kanmu tsakani da Allah: ina karatunsa yake a yau? Yana warwatse a wayoyin mutane, guntu-guntu, minti biyu nan, minti uku can, ba kwanan wata, ba sunan gari, wani ma an yanke farkonsa da ƙarshensa don ya dace da rigimar mai yaɗawa. Hadisi ya inganta a Buhari da Muslim cewa da mutuwar malamai ake ɗauke ilmi. Mu da Allah Ya ba na'urar adana murya, in muka bari ya salwanta, ba mu da hanzari.

A watan Oktoba Farfesa Umaru Shehu ya rasu a Maiduguri yana da shekara 92, likitan da ya koyar da kiwon lafiyar jama'a a Jami'ar Ahmadu Bello, ɗan Borno da ya shugabanci Jami'ar Nsukka a ƙasar Ibo. Sa'an nan ranar 27 ga Disamba, Ghali Umar Na'Abba na Kano, Kakakin Majalisar Wakilai daga 1999 zuwa 2003. A zamaninsa ne, a Agustan 2002, majalisar ta ba Shugaba Obasanjo mako biyu ya sauka ko a tsige shi. Ba a tsige shi ba, Na'Abba kuwa bai koma majalisa ba a 2003. Ko mutum ya yarda da siyasarsa ko bai yarda ba, ya nuna cewa wakili yana iya duban mai mulki ido da ido. Allah Ya jiƙan su baki ɗaya, Ya yafe kurakuransu.

Wani zai ce: ashe ba ku ne ke hana kambama matattu ba? Ƙwarai kuwa, muna nan a kan bakanmu. Gina ƙubba a kan kabari da kirarin da ya wuce iyaka daban, rubuta tarihi daban. Ahmad Baba na Tumbuktu ya tara tarihin malaman Malikiyya a Nailul Ibtihaj, ba wanda ya ce ya yi bidi'a. Hasali ma rashin rubutun ne ke buɗe ƙofar ƙarya, domin inda babu tabbataccen labari, nan tatsuniyar karamomi ke tsirowa, ko kuma zagin wanda ba ya iya kare kansa.

Saboda haka muna kira ga kowane reshe, daga Kiyawa har Gwaram, ya ajiye littafi guda a hannun sakatarensa. Liman ya rasu, ko alaramma, ko malamar Islamiyya, ko attajirin da ya haƙa rijiya, a rubuta sunansa, da ranar rasuwarsa ta Hijira da ta Miladiyya, da waɗanda ya yi karatu a wurinsu, da abin da ya bari. Kwamitin zakka na masarauta kuma muna roƙonsa ya buga yadda tsarin ke tafiya da abin da kowace gunduma ta tara kowace shekara, da Hausa, da boko da ajami, a ajiye kofe a kowane masallacin Juma'a.