Bodari, Dabbar da Yaranmu Suka Manta Sunanta

Daren Asabar da ta wuce na tarar da yaran gidanmu a New Bell sun yi cincirindo gaban talabijin, suna kallon wata baƙar dabba mai farin zane a gadon baya, wadda ake kira Pépé le putois. Na tambaye su sunanta da Hausa, suka yi tsuru-tsuru. Can babbansu ya ce, "Kawu, ai wannan dabbar Turawa ce." Maganar ta tsaya mini a rai, domin kakanninsu sun san mai kama da ita tun kafin su sauko Duwala, suna kiransa bodari.

Ban ga laifin yaran ba. Bodari ba ya zaman kurmi, balle fadamun bakin Kogin Wuri. Sai mutum ya haura arewa, wajen Garwa da Marwa, ko ƙasar Katsina da Maraɗi, kafin ya shiga mazauninsa. Faransawa na ce masa zorille, masana kuma Ictonyx striatus. Ta cikin talabijin kuwa mouffette ce ta nahiyar Amurka. Kama ce kawai ta haɗa su, kuma tun 1997 masana suka ware ta Amurkan a danginta na daban.

Bodari bai kai kyanwa girma ba. Daga hanci zuwa ƙarshen wutsiya santimita 60 zuwa 70 ne, nauyinsa kuwa wajen kilo 1. Fararen zane 4 sun bi bayansa daga ƙeya zuwa gindin wutsiya, ga farin tabo a goshi da kumatu. Faratansa na gaba dogaye ne, na tonon ƙasa. Da rana yana kwance cikin rami ko tsagin dutse, sai dare ya yi ya fito kiwo shi kaɗai. Macen takan ɗauki ciki wajen kwana 36, ta haifi 'ya'ya 1 zuwa 3 galibi, idanunsu a rufe.

Makaminsa shi ne abin da ya yi suna da shi. Idan kare ya rutsa shi, sai ya gantsare baya, ya ɗaga wutsiya, ya juya wa abokin gaba gindi, ya feso wani ruwa daga 'yan jakunkuna biyu da ke ƙarƙashin wutsiyar. Ruwan yana da yaji a ido, warinsa kuma yakan kwana da kwanaki a jikin tufa. In hakan bai yi ba, ya miƙe kamar matacce har a ƙyale shi. Farin zanen nan ma gargaɗi ne da ake hangowa cikin duhu: karen da ya taɓa ɗanɗanawa ba ya son maimaitawa.

A ƙauyuka ana kashe shi saboda kaji. Gaskiya ne yana ɗaukar ƙwai da 'yan tsaki idan akurki a buɗe yake. To amma yawancin cimarsa ɓeraye ne da ƙwari, wani lokaci har maciji. A ganina manomin da ya kashe bodari ya kori mai gadin rumbunsa ne, alhali toshe akurki da magariba ya ishe shi.

Na faɗa wa yaran duk wannan. Kafin gari ya waye ƙaraminsu ya laƙaba wa yayansa bodari, sai da uwarsu ta shiga tsakani.