Wa Ya Ce Baƙon Abu Ne?

Da zarar mai zane ya baje kolin ayyukansa masu kama da mafarki, ya gwama fenti da ƙyalle da yashi, sai wasunmu su ce kwaikwayon Turawa ne. Wannan zance ba shi da tushe balle makama. Ladi Kwali, wadda ta rasu a Minna a 1984, ta zana kunama da hawainiya da kada a jikin tukwanenta, ta haɗa ginin Gbagyi da gashin zamani a tsohuwar Abuja, wato Suleja. Tun 1958 aka baje su a Landan. Mu kuwa, hotonta kawai muka sani a bayan naira 20. Wanda bai san tukunyar gidansu ba, da wane ido zai gane baƙuwa?