Rashin haihuwa: a auna maigida tun ranar farko

Idan aure ya shekara biyu ko uku babu ko ɓatan wata, an san wadda ake zargi a ƙasar Hausa. Uwar miji ta fara habaici, dangi su kawo shawarar ƙarin aure, matar kuma ta shiga zarya tsakanin asibiti da masu saiwoyi. Maigida kuwa ba mai tambayarsa komai.

Wannan zalunci ne, kuma ɓata lokaci ne. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa kusan mutum ɗaya cikin shida na fuskantar matsalar haihuwa a rayuwarsa. Likitoci kuma sun tabbatar cewa a kusan rabin irin waɗannan ma'aurata, akwai matsala a ɓangaren namiji.

Abin da ke rufe wa maza ido shi ne ɗaukar kuzari a shimfiɗa a matsayin shaidar haihuwa. Mutum na iya zama lafiya garau ta wannan fanni, alhali ƙwayoyin haihuwar da ke cikin maniyyinsa kaɗan ne, ko ba sa motsi, ko babu su sam. Kumburin jijiyoyin jini na maraina na cikin manyan dalilai. Akwai ciwon sanyi da aka yi wa maganin kemis rabi da rabi har ya toshe hanyar maniyyi, da hangum idan ya kama saurayi bayan balaga ya sauka maraina, da tsargiya da yara ke ɗebowa a kududdufi. Taba na rage ƙwayoyin, haka ma allurar testosterone da wasu ke yi don neman ƙarfi.

Awon ba shi da wahala. Namiji ya ƙaurace wa iyali kwana biyu zuwa bakwai, ya ba da maniyyi a ɗakin gwaji. Ma'aunin hukumar na 2021 ya sa ƙwayoyi miliyan 16 a kowace mililita a matsayin iyaka ta ƙasa. Idan sakamakon ya yi rauni, akan maimaita bayan kamar wata uku, domin ƙwayar na ɗaukar kimanin kwana 74 kafin ta nuna.

Magani kuwa akwai shi gwargwadon dalili: a kashe ƙwayoyin cuta, a yi tiyatar jijiyoyi, a daidaita sinadaran jiki. Tun 1992 likitoci a Beljiyam suka fara dasa ƙwayar namiji guda ɗaya kai tsaye cikin ƙwan mace, kuma yau ana yin haka a Najeriya, sai dai da tsada.

Ya kamata asibitoci su daina ɗora mace kan gwaje-gwaje masu zafi da cin kuɗi kafin a ga sakamakon mijinta. Malamai ma su faɗa a wa'azi cewa zuwa awo ba abin kunya ba ne, iyaye kuma su nemi ɗansu ya je asibiti kafin su fara neman masa wata matar.