Kura da Shan Bugu, Gardi da Karɓar Kuɗi

Duniyar ilimi ta daɗe tana tauye haƙƙin masanan da ke tace magungunan da ake samu daga halittu masu rai. Wanda ya gano magani shi ake yi wa kirari, mai tsarkake shi kuwa ana masa kallon ɗan wanke-wanke. Wannan zalunci ne, kuma tarihi shaida ne.

Ranar 11 ga Janairu 1922, a birnin Toronto na Kanada, aka yi wa Leonard Thompson, yaro mai ciwon sukari, allurar insulin da Banting da Best suka tatso daga kayan cikin shanu. Dauɗar da ke ciki ta tayar masa da ƙurji, sauƙin kuma bai taka kara ya karya ba. Sai da James Collip ya tace ruwan da sinadarin alkohol, aka sake allurar ranar 23 ga watan, sannan sukarinsa ya sauka. Amma da aka ba da lambar Nobel ta 1923, Banting da Macleod aka kira. Collip sai ɗan rabon kuɗi daga hannun Macleod.

Har yau, maganin da ƙwayoyin halitta ke samarwa a manyan tankuna cakuɗe yake fitowa da tarkacensu. Dole a juya shi a injin rarrabewa, a rairaye, a kawar da ƙwayoyin cuta, kafin ya kusanci jijiyar majinyaci. Saboda haka, duk jami'ar da ta mayar da ilimin tacewa saniyar ware, masu dafa guba take yayewa. Ɗalibai su sani: ganowa rabin aiki ne, tsarkakewa ke ceton rai.