Kuɗi cikin salula: lambar sirri ita ce mabuɗin rumbu

A wannan wata filinmu zai yi magana bisa kuɗin da ke tafiya cikin salula.

Mu ɗauki misalin Lamorde. Tsohon garin Fulani ne a hayin kogin Isa, cikin gunduma ta 5 ta birnin Yamai. Kafin a buɗe gadar Kennedy a shekarar 1970, mai zuwa birni sai ya shiga jirgin ruwa. Yau ga jami'a, ga babbar asibiti. Amma har yanzu akwai masu kiwo, da mata masu tallar nono, da masu noman shinkafa, da masu garka a bakin ruwa. Da yawa cikinsu ba su taɓa buɗe asusu a banki ba. Kuɗinsu na cikin tulu, ko ƙarƙashin katifa. A damanar 2020 kogi ya fasa madatsa, ruwa ya ci gidaje a Lamorde. Ruwa kuwa ba ya tambayar abin da ke ɓoye cikin ɗaki.

Yanzu akwai wata hanya. Kamfanonin salula suna da asusu, kamar Airtel Money da Moov Money da Zamani Cash. Gidajen aika kuɗi, kamar Nita da Amana, su ma suna da nasu. Kana miƙa wa wakilinsu kuɗi a shago, shi kuma ya zuba su bisa lambarka. Nan take saƙo zai shigo, ya nuna maka nawa aka zuba. Makiyayin da ya sayar da sa a kasuwar Torodi ba sai ya ɗauko damin kuɗi bisa hanya ba. Ɗan da ya tafi bida Kwatano ko Abijan yana iya aiko wa uwarsa kuɗin hatsi a yini guda. In salula ta faɗa ruwa ko an sace ta, kuɗin suna nan. Sai ka je kamfani da katinka na ɗan ƙasa, a maido maka lambarka. Babban bankin ƙasashenmu, BCEAO, shi ke ba da izinin wannan aiki, shi ke sa masa ido.

Abin ba sabo ba ne. A ƙasar Kenya aka buɗe M-Pesa a shekarar 2007, ya bazu har ƙauyuka. A ƙasarmu ma an gwada. Bayan farin 2009, ƙungiyar Concern ta raba taimakon kuɗi a ƙauyuka 96 na jihar Tawa cikin 2010, wata biyar jere. Wasu mata an ba su hannu da hannu, wasu an aika masu ta salula. Masu bincike sun gano cewa gidajen da suka karɓa ta salula sun fi cin cimaka iri-iri, yaransu kuma sun fi samun abinci. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne matan ba su ɓata yini wajen tafiya da jiran layi ba.

To, amma kowane rumbu da mabuɗinsa. Mabuɗin wannan asusu shi ne lambar sirri. Wanda ya san ta, shi ne mai kuɗin. Wanda bai iya karatu ba dole ya miƙa salularsa ga yaro, ko maƙwabci, ko mai shago, ya kuma faɗa masu lambar. Wani mai amana ne, wani ba shi da ita. Ga kuma macuta masu kira suna cewa ka ci kyauta, ko sun aiko maka kuɗi bisa kuskure, ka maido. Ƙarya ce. Ma'aikacin kamfani na gaskiya ba ya tambayar lambar sirrin kowa.

Akwai kuma zancen lissafi. Mu a kasuwa da dala muke ƙirga, salula kuwa da tamma take ƙirga. Dala ɗaya tamma 5 ce. In ka ga 500, dala ɗari ke nan. In ka ga 1.000, jika ɗaya ce. 5.000 jika biyar, 50.000 jika hamsin. Bambancinsu sifiri guda ne tak. Sifirin nan yana iya cinye kuɗin tunkiya.

Shi ya sa muke cewa ajin yaƙi da jahilci shi ne ƙofar wannan banki. An gwada haka a jihohin Doso da Damagaram a 2009 da 2010. Manyan da aka koya wa karatu tare da aiki da salula sun fi sauran ƙwarewa a rubutu da lissafi. Kai da ke karanta wannan jarida da kanka, ka riga ka yi rabin tafiya.

Ga abin da muke roƙon kowa ya riƙe. Ka yanki layin salula da sunanka, da katinka, ba da na wani ba. Ka zaɓi lambar sirri da kanka, kada ka rubuta ta a bayan salula. Kafin ka aika, tambayi ladan aikin, don kamfanoni ba kyauta suke yi ba. Karanta lambar wanda za ka aika wa sau biyu. Kada ka bar shago sai ka ga saƙo ya shigo, ka ƙirga kuɗinka.

Mata ma kada a bar su baya. Tun 1991 aka kafa asusun Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi, mata suka nuna sun iya tattali. Mai tallar nono ita ma ta cancanci layinta da lambarta. Maigida, bar ta ta je aji.

A karanta wa waɗanda ba su iya ba tukuna, a fada da bakin rijiya. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.